Jirgin Dusik Mai Ciki Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

To ku matso, ta bakin teku ce yau.

A Tongyeong, wani garin masunta a wata ƙasa mai nisa, an yi wani mutum, Ban Dusik. Mai walda ne, a ma'aikatar ƙera manyan jiragen ruwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har idanunsa suka zama kullum jajur kamar wanda ya tashi daga yankan albasa. Da ya ajiye aiki kowa ya ɗauka 'yar gona zai nema ya riƙa shuka barkono irin na tsararrakinsa. Ina! Sai ga shi da jirgin iska sabo dal, fari fat, mai ciki biyu. Wato kamar a jera dogayen kwale-kwale guda biyu, a shimfiɗa ɗaki a kansu, a kafa doguwar sanda a tsakiya mai ɗaukar ƙyallen da iska ke turawa.

Masuntan tasha suka samu abin yi. Wani ya ce, "Dusik, ɗaya ka saya aka ba ka gyaran ɗaya?" Wani ya ce ai wannan teburin cin abinci ne ya faɗa ruwa. Shi dai sai murmushi, yana goge gilashin taga da hannun riga.

Don tsohuwarsa ya saye shi, Inna Malsun, wadda ta haura tamanin. A tsibirin Noru aka haife ta, can kudu. Yanzu ba kowa a Noru sai awakin da suka koma na daji, amma kaburburan iyayenta suna nan kan tudu. Kun san a can, kafin Chuseok, wato bikin girbi, kowa sai ya je ya yanke ciyawar kaburburan iyaye da kakanni. Ita kuwa tun da ta karye a ƙugu ba ta sake zuwa ba. Jirgin masunta tangaɗi yake, kuma Noru ba ta da wurin sauka, sai dai mutum ya yi tsalle ya dira kan dutse. Mai ciki biyu kuwa ba ya karkata, kuma yana iya zuwa ya ɗora hancinsa kan yashi a sauka da tsani.

Da damina ta ja baya Inna ta ce masa, "Bana nake son zuwa, Dusik. Baɗi ban san ta ba."

Sai dai akwai Bongsun, yayarsa, wadda Inna ke zaune a gidanta. Ɓarar kawa take yi a rumfa, wato 'yar halittar tekun nan mai ɓawo da ake cin namanta, hannunta da sauri, bakinta ya fi hannun. Ta ce, "Uwata ba za ta hau wannan teburin ba sai na ga lafiyarsa da idona. Ka ji ni ko, tsohon yaro?"

"Na ji, Yaya."

Ranar da aka yi wa jirgi maraba, Inna ta zo da wainar shinkafa mai jan wake, da busasshen kifi ɗaure da farin zare, ta zuba giyar shinkafa a hancin jirgin duka biyu. Daga nan ta kori kowa zuwa kan gaɓa, ta shige ciki ita kaɗai da ƙunshinta, tana sauka matakala da zaune, ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe. Da ta fito tana gumi sai ta ce ta zaunar da Uwar Jirgi, mai tsaronsa. Ba wanda ya tambaye ta a ina, don ba a tambaya.

To, sabon abu kun san halinsa. Sai ya shigo hannunka yake fara nuna maka inda aka yi masa aikin gaggawa.

Da farko ruwa ne. Dusik ya ɗaga katakon ƙasa a cikin hagu ya tarar da ruwa kwance har idon sawu. Ya kwashe, ya goge, washegari ya dawo ya tarar da wani. Ya bi jikin jirgin da tocila yana shafawa ko zai ji tsaga, bai ji ba. Can dabara ta zo masa, ya tsoma yatsa ya kai baki. Babu gishiri ko kaɗan. Ya zauna daɓas yana dariya shi kaɗai: ashe teku ba ruwanta, tankin ruwan shansa ne ke yoyo. Ya bi tiyo a hankali har ya kai inda aka manta ba a matse zoben bakinsa ba. Juyi kaɗan da sukundireba, magana ta ƙare.

Sai kuma sitiyari. Da jirgi ya ɗan yi gudu sai ya yi nauyi, ana jin wani gurnani daga baya kamar mage a cikin buhu. Wannan ya wahalar da shi, don duk abin da ke sama ya duba lafiya lau. Ya kai jirgin bakin yashi, ya jira ruwa ya janye, ya shiga ƙarƙashi da gajeren wando. Jirgi mai ciki biyu allon tuƙi biyu gare shi, kowane ciki da nasa, sandar ƙarfe ɗaya ke juya su tare. Ya auna tsakanin goshinsu da gora, ya auna tsakanin ƙeyarsu, sai ya ga ba su zo daidai ba. Ɗaya na kallon gabas, ɗaya ya ɗan saci kallon kudu, kowa na jan jirgi wajensa. Ya kwance noti, ya rage tsawon sandar, ya auna, ya ƙara, ya sake aunawa, har ruwa ya dawo ya same shi a gwiwa. Gurnani ya ɗauke.

Da ya ga haka sai ya je ya gayyato Bongsun gwaji.

Ta zo da hular rana mai faɗi da ƙunshin abinci, ta zauna a tsakiyar ɗaki ta riƙe tebur da hannu biyu. Iska na kaɗawa a hankali, teku kwance. Da suka ɗan yi nisa ta ga kofin shayinta bai ko motsa ba, sai ta saki tebur ta kwance ƙunshi: naɗin shinkafa da kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji. Da hannu take yayyaga kimchin tana mita.

"Dubi yadda nake yi kamar mara gida. Almakashin kicin ɗina ya yi ƙafa. Na san matar gidan baya ce, ita ce mai shigowa aron abu ba sallama."

"Za ki gan shi, Yaya. Bari in nuna miki wani abu."

Akwai na'ura a jirgin mai riƙe sitiyari da kanta, ka nuna mata inda za ka, ta riƙe hanya. Ba don ƙawa aka sa ta ba. Dusik shi kaɗai ne matuƙi, in zai ɗaga ƙyalle ko ya sauke, ko ya jefa anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, dole ya bar sitiyari. Ranar tafiya kuwa Bongsun tana riƙe da Inna. Ya danna maɓalli, ya ɗaga hannuwansa sama don ta gani.

Jirgi ya tafi sak na ɗan lokaci. Da suka juya kudu sai ya fara lanƙwasa kamar maciji, ya yi dama, ya yi hagu, daga nan ya sa kai gadan-gadan cikin gonar kawa, inda fararen tulunan roba ke jere a kan ruwa, igiyoyi birjik a ƙarƙashinsu.

"Dusik! Kai Dusik! Direbanka na ƙarfe ya sha giya!"

Ya yi wuf ya kashe na'urar ya karkatar da jirgi. Tulu ɗaya ya goga jikin cikin dama, ƙurrr, ya wuce.

Bongsun ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ɗaure ƙunshinta ta ce, "Da Inna na ciki fa, kana can gaba kana fama da igiya?" Ya juya jirgi suka koma tasha.

Ya buga wa masu ƙera jirgin waya. Wanda ya ɗauka ya ce ba mai zuwa sai bayan biki. Ya ce amma na'urar da kamfas ɗinta, mai nuna mata arewa, take aiki, wani ɗan baƙin abu kamar kofi, yana ƙarƙashin gadon gaba a cikin hagu, a duba ko an ajiye ƙarfe kusa da shi.

Dusik ya ce, "Ni mai walda ne, ɗana. Zan ajiye ƙarfe kusa da kamfas?"

Amma ya tuna ranar da aka kawo jirgin an gwada na'urar a gabansa, ƙalau take. Ya sauka cikin hagu, ya ɗage katifa, ya ɗaga katako. Ga kamfas a ɗaure. Ga kuma, manne da shi, ɗan akwatin katako naɗe da ƙyalle ja da shuɗi da rawaya.

Bai taɓa ba. Ba ya buƙatar buɗewa, duk ɗan bakin teku ya san kayan Uwar Jirgi: zare, allurai, almakashi, don mace ce, tana son kayan ɗinkinta kusa. Ya kawo ƙaramin kamfas na hannu ya matso da shi, allurarsa ta juya ta kalli akwatin kamar ta ga mai ita.

Ya daɗe a durƙushe. Wadda aka zaunar ba a tashinta, kuma in Inna ta ji an taɓa, ko da ɗaurewa ba za ta hau jirgin ba. Sai ya ce a ransa, to baƙo shi ne zai tashi. Ya kwance kamfas, ya sayo waya ya ƙara tsawo, ya yini yana rarrafe yana zura ta ta cikin bututun da ya ratsa ƙarƙashin ɗaki, har ya fito da ita a cikin dama, ƙarƙashin gadon gaba na can. Nan ne kaɗai ya rage. Baya akwai injuna, tsakiya akwai batura da murhu, duk ƙarfe ne. Ya leƙa, ya ga rigunan ceto ne kawai a cushe, ya ɗaure kamfas ya rufe.

Ya fita gwaji shi kaɗai, yana 'yar waƙa. Ya juya kudu ya danna maɓalli. Jirgi ya fara rawar macijinsa kamar ran nan.

Ya koma ya zazzage rigunan ceto waje. A can ƙurya, bayansu, ga wani akwatin, ja da shuɗi da rawaya.

Ya tarar da Inna a tsakar gida kan gadon katako, tana cire kawunan busassun ƙananan kifi. Ya zauna ya ja tire gabansa ya kama taya ta.

Ta ce, "Na ji jirginka ya so ya kai yayarka aikin kawa ranar hutunta."

"Inna, Uwar Jirgi nawa kika zaunar?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ƙafafunta nawa. "Biyu mana."

"Jirgi ɗaya ne fa, Inna."

"In ji wa?"

"Sunansa ɗaya, sandarsa ɗaya, sitiyarinsa ɗaya."

"Cikinsa fa? Da ruwa ya taru a na hagu, na dama ya jiƙe?"

Gaskiyarta, bai jiƙe ba.

"To ka gani. In bar ɗaya da mai tsaro, ɗaya a wofi? A tsakiyarsu fa zan zauna."

Ya yi mata bayani a hankali, yadda almakashi ke jan allurar kamfas, yadda na'urar ke ruɗewa. Bai kai ƙarshe ba ta ɗaga hannu.

"Kada ka koya mini. Ubanka ko wuƙa ba ya bari in ajiye kusa da nasa. Amma shi nasa a gabansa yake, inda kowa ke gani. Wa ya san kai ƙarƙashin gado ka tura naka kamar tsohon takalmi?"

"To, ko za a ɗan matsar da ɗaya..."

"Kul."

"Babu wani wuri, Inna. Na duba ko'ina. In na'urar ba ta riƙe hanya ba, Yaya ba za ta bar ki ki hau ba. Ni ma ba zan yarda ba."

Bongsun ta fito daga kicin tana goge hannu, ashe duk tana ji. Ta ce, "Tsaya tukuna. Inna, almakashin Kaka guda ɗaya ne a gidan nan. Me kika sa a akwati na biyu?"

Inna ta duƙufa kan kifinta. "Zare. Allura."

"Sai me?"

"Ba ni da wani ne, shi ya sa."

"Almakashina! Wayyo ni Bongsun! Matar gidan baya ta gaishe ni a kasuwa na ɗauke kai!"

"Ai dama ba kya gaida mutane."

Dusik ya so ya yi dariya, amma ya ga fuskar tsohuwar ta canza. Ta bar kifin, ta zuba wa katanga ido. Aka ci abinci aka kwashe kwanuka. Shi dai bai matsa mata ba, ya san abin da ke kan sikeli: ko ta taɓa abin da tun tana yarinya aka hana ta taɓawa, ko ta haƙura da Noru. Yana ɗaure takalmi zai tafi ta ce, "Bongsun, jiƙa shinkafa. Gobe da safe ina son waina mai zafi."

Wannan karon ba ta kore su ba. Ta sauka cikin dama da zaune, Dusik na gabanta yana tare ta, Bongsun na sama riƙe da faranti. Ta ajiye waina da ɗan kofin giya gaban akwatin, ta gyara ɗaurin rigarta, ta sunkuyar da kai. Sai ta fara magana ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙon maƙwabciya.

"Ƙarama, ki yi haƙuri, tsohuwa ce ta zo da roƙo. Ba tashinki zan yi ba, wurinki naki ne. Ƙarfen hannunki kawai zan karɓa. Ni da yayata a Noru da almakashi ɗaya muka girma, ba wadda ta fita da yagaggen zane. In ɗinki ya taso miki ki haura wurin yayarki, ɗaki ɗaya ne tsakaninku. Ga wannan ki riƙe." Ta zaro allurar gora ta ɗinkin koma, da matajin katako. "In kuma abin ya ɓata miki rai, ni ce Malsun, kin san gidana. Kada ki taɓa yaran nan."

Yaran nan, kowanne kansa fari fat da furfura.

Dusik ya zuba mata ido lokacin da take kwance ƙyallen. Shi bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko ya yarda da Uwar Jirgi ko bai yarda ba. Amma ya ga tsoron uwarsa na gaske ne, kuma ta sa hannu duk da haka. Ya kawar da kai yana duban waya a bango kamar akwai abin gyara a wurin.

Ta ciro almakashi da allurai ta miƙa sama ba tare da ta waiga ba. Bongsun ta karɓa da hannu biyu. Aka mayar da akwati daidai inda yake. Dusik ya matso da ƙaramin kamfas ɗinsa, allura ta tsaya kan arewa ba ta ko gyaɗa ba.

Inna ta ce tunda ta riga ta shigo, ba ta ga dalilin fita ba, a yi gwajin da ita. Bongsun ta ɗauko rigar ceto ta ɗaura mata.

Kafin na'urar ta gane sabon wurinta sai an yi ta zagaye da jirgi a hankali. Nan gaban tasha Dusik ya yi ta kewaye, masunta na kan gaɓa suna gyaran koma. "Dusik, ƙofar fita ce ta ɓace maka? Inna, ki nuna masa hanya mana!" Inna ta ɗaga musu hannu daga taga kamar matar gwamna.

Suka fita, suka juya kudu. Ya danna maɓalli, amma hannunsa na shawagi kusa da sitiyari. Jirgi ya shiga 'yar hanyar da ke tsakanin gonakin kawa, fararen tuluna dama da hagu, ya bi tsakiya sak. Ya je gaba ya ɗaga ƙyalle, ya dawo, jirgi na nan kan hanyarsa. Ya sauke, ya juya gabas, ya juya yamma, duk ɗaya.

Bongsun ta daɗe tana kallon farar kumfar da suka bari a baya, miƙaƙƙiya. Can ta ce, "Ka sayi sabon lauje. Naka ko tuwo ba zai yanka ba."

Ana saura 'yan kwanaki biki suka tafi, da hantsi, iska na bayansu. Inna ta zauna a tsakiyar ɗaki da bargo a gwiwa, tana kiran sunayen tsibiran da suke wucewa, wani ta faɗi wa ta sani a can, wani ta ce mutanensa marowata ne. Can sai Noru ta bayyana.

Dusik ya ɗora hancin jirgi kan yashi, ya jefa anka, ya sauke tsani. Inna ta sauka da ƙafarta. Hanyar tudu kuwa ta rufe da ƙaya da kuranga, sai Bongsun ta shige gaba da lauje tana sara tana zagin awaki, shi kuma ya durƙusa ya goyi tsohuwar. Ba nauyi gare ta ba ko kaɗan. Daga bayansa take nuna hanya da haɓa: nan rijiya take, nan gidan wane, bi ta bayan wannan itacen.

Kaburburan biyu sun nutse cikin ciyawa har ƙirji. 'Ya'yan suka yanke, ita kuma ta zauna a gefe tana tuge ƙananan da hannu, tana ba iyayenta labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu tun zuwanta na ƙarshe. Da wuri ya yi fes suka jera waina da 'ya'yan itace, suka zuba giya. Dusik da Bongsun suka yi gaisuwar goshi a ƙasa. Inna ba ta iya durƙusawa, sai ta dafa ƙasar da tafin hannu ta daɗe a haka. Suka ci abin da ya rage a inuwa, suka sauko kafin ruwa ya janye ya bar jirgi a kan yashi.

Inna Malsun ta ga wannan Chuseok ɗin, ta ga sanyi ya wuce, ta rasu da bazara a ɗakinta, cikin barcin rana. Bongsun tana nan tana ɓarar kawa, ta kuma shirya da matar gidan baya. Dusik har yau yana gyaran jirginsa, yau ƙofa ta ƙi rufuwa, gobe famfo ya toshe. Duk shekara kafin biki shi da yayarsa sukan je Noru su yanke ciyawa.